Na Mutu Sau Ɗari Uku

Sunana Kam-Chuen, na gidan Tsang.
Taliya nake sayarwa a wani lungu na Kowloon,
daura da tsohon gidan silima
da suka mayar kantin takalma.
Gwiwata ta hagu kan san zuwan ruwa
tun rediyo bai faɗa ba.

Sau ɗari uku na mutu,
ko fiye, ƙirga ya ɓace mini.
An jefo ni daga benen gidan shayi,
an farfasa tebur a gadon bayana,
an ɗirka mini naushi guda a ƙirji
na yi sama kamar hular da iska ta fizge,
na ratsa bango, na ratsa na biyu,
na dira cikin kwandon kabeji
ina aman jinin sukari da jan launi.

Jikata Sau-Lan ta taɓe baki.
"Kaka, ai duk zuƙi ta malle ce.
Wa ya taɓa ganin mutum ɗaya
ya kori arba'in da tsinken cin abinci?
Kuma me suke jira,
sun kewaye shi suna rangaji,
ɗaya bayan ɗaya kamar layin asibiti?"

Na yi dariya har romo ya sarƙe ni.
Ni ne na sha bakwai a layin nan, yarinya,
mai gashin bakin da aka liƙa da gam.

Zauna ki ji.
Masu cika silima da tsakar dare
ba wawaye ba ne.
'Yan dako ne daga bakin teku, kafaɗa duk kanta,
matan masaƙa, da auduga a gashi,
da yaron shagon da aka mara tun safe
ya haɗiye, bai ce uffan ba.
Kowa ya san akwai igiya.
Wani jiƙon ma sai ka hango ta,
siririya, tana sheƙi bayan jarumi.
Sun san ƙarar dukan nan
wani tsoho ne a ɗaki yake karya gora.
Sun sani sarai, suka biya.

Yini guda ƙasa ta riƙe musu ƙafa,
kuɗin haya ya riƙe, bashi ya riƙe.
Sai ga wani da takalmin ƙyalle irin nasu
ya taka tulu, ya taka ganye,
ya taka abin da babu,
ya tsaya can sama, riga na kaɗawa,
ya ƙi saukowa sai da ya ga dama.

Wani dare na saci jiki na shiga,
na zauna cikin hayaƙin taba
ina kallon yadda za a kashe ni.
Na kusa da ni, ƙato, yana warin kifi,
ya miƙe tsaye: "Ƙara masa! Ƙara masa!"
Da na ratsa bango na biyu
sai na ga yana share ido da bayan hannu.
Ya miƙo mini gyaɗarsa, ya ce,
"Wallen nan, kamarsu ɗaya da shugaban aikinmu."
Na karɓa. Na ce lallai ya cancanci duka.
Ban taɓa cin ladan da ya kai gyaɗar nan ba.

Sau-Lan ta yi shiru.
Jirgin ruwa ya yi kuka can ƙasa.
Sai ta zari tsinke guda daga gwangwani,
ta gyara tsayuwa, ta ƙanƙance ido,
ta ɗosana mini a ƙirji.

Babu igiya, babu katifa,
gwiwa tana roƙona arziki.
Na ware hannu, na kurma ihu,
na yi baya, na kifar da kujeru biyu,
na zube gaban masu cin taliya.

Ɗari uku da ɗaya.
Ku zo ku ɗaga ni.